Kurakuran da ake yi wajen ƙara inshorar asibitin kuɗi a kan ta gwamnati

Tun da aka sanya hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) a shekarar 2022, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS kuma ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Najeriya, wakilan kamfanonin HMO, wato kamfanonin da ke sayar da inshorar lafiya, suka ƙara yawaita a ofisoshi suna tallata tsarin da zai kai mutum asibitin kuɗi. Na gaji da ganin abokan aiki suna zuba kuɗinsu a kan abin da ba su fahimta ba, alhali ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami.

Babban kuskure shi ne sayen inshora bayan buƙata ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa. Maiɗakina tana da cikin wata biyar lokacin da na biya kuɗin shekara guda, ina ganin na gama da maganar haihuwa. Da naƙuda ta zo da gardama cikin dare, likita ya ce sai an yi tiyata, na miƙa katina da kwanciyar hankali, sai aka shaida mini cewa tsarin da na saya ba ya ɗaukar nauyin haihuwa sai an cika wata goma sha biyu da shiga. Wannan sharaɗi yana rubuce a takardar da na sa wa hannu, ban karanta ba, wakilin kuma bai ambata ba. Babur ɗina na sayar a wannan makon kafin aka sallame ta, kuma har yau ina jin ɗacin tsayuwar da na yi a gaban mai karɓar kuɗi ina kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan wa'adin jira yakan shafi tiyata da cututtukan da mutum ya shigo da su, kamar hawan jini da ciwon suga, don haka yanzu ba na biyan ko sisi sai an nuna mini shafin da aka rubuta shi.

Kuskure na biyu shi ne rashin tambayar iyakar abin da kamfani zai biya a shekara. Haba jama'a, mutumin da ba zai sayi buhun shinkafa ba sai ya buɗe ya duba, yaya za a yi ya biya kuɗin inshora don kawai an nuna masa hoton ɗaki mai na'urar sanyaya iska? Kowane tsari yana da iyaka a kan tiyata da kwanakin kwanciya, da yawa kuma suna ware wankin ƙoda da maganin ciwon daji ko su taƙaita su ƙwarai, alhali su ne ke cinye gona da gida. Zazzaɓin cizon sauro da mura ba su kai a ƙara musu wata inshora ba; ni adashe nake yi dominsu.

Akwai kuma masu sayen abin da suka riga suka mallaka. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da inshorar NHIA shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, giɓinsa yana wajen waɗanda ba a rubuta ba, kuma a ganina ya fara biya musu a matsayin ƙarin iyali, ko ya sa su a shirin lafiya na jiha irin na hukumar KSCHMA a Kano, kafin ya yi tunanin ɗaki na musamman ga kansa.

A duba ko asibitin da ke kusa da gida yana cikin jerin kamfanin. Kada a ɓoye tsohuwar cuta a fom, domin ranar biya za ta fito. Kada a bar wa'adin sabuntawa ya wuce, don wasu kamfanoni suna mayar da mutum sabon shiga.

Kafin in sabunta tawa a kowace shekara, nakan je asibitin da kaina in tambayi ma'aikacin da ke kula da masu katin HMO tsawon lokacin da kamfanin yake ɗauka kafin ya turo wa asibitin lambar amincewar biyan kuɗi idan an kawo marar lafiya da ƙarfe biyun dare.