Sima: kuskuren da ke fasa kwalba, da wanda ke mai da shi giya

Duk ƙarshen watan Afrilu sai wayata ta cika da tambayoyi iri ɗaya daga 'yan'uwanmu da ba su daɗe da zuwa Finland ba. Yara sun sha sima a gidan maƙwabta, sun dawo suna naci, uwa ta ɗauko bokiti ta haɗa, bayan kwana huɗu a kira ni. Anti, bai yi kumfa ba. Anti, ɗaci yake yi. Anti, kwalbar ta yi aman wuta a kicin. Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wadda ba ta san shi ba, sima abin sha ne na bikin Vappu, ranar 1 ga Mayu, ranar ma'aikata da ɗalibai, lokacin da sanyi ya fara sakin jiki. A Helsinki tun yammacin 30 ga Afrilu ɗalibai ke wanke mutum-mutumin Havis Amanda su ɗora masa farar hularsu, washegari jama'a su baje shimfiɗa a lambun Kaivopuisto. Ana shan siman ne da munkki, wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke da ake birkiɗawa a sukari. Asalinsa da zuma ake yi. Na yanzu kuwa ruwa ne lita 4, sukari rabin kilo, rabi fari rabi jan nan da suke kira fariinisokeri, babban lemon tsami ɗaya ko biyu, ɗan yis, sai zabibi. Kayan kenan gaba ɗaya, kuma sauƙin nasa shi ke yaudarar mutane.

Yis ne farkon inda ake tuntuɓe. Ɗanyen yis a nan dunƙule ake sayar da shi, giram 50, kuma hannun da ya saba kwaɓa fanke sai ya ɓallo rabi ya jefa. Abin da ake buƙata a lita 4 bai wuce girman ƙwayar wake ba. In ya fi haka, ƙamshin lemon ya tafi, sai warin ƙullin burodi. Kuma kada a sa shi ruwa na da zafi, mutuwa zai yi, ki yi ta jiran kumfar da ba za ta zo ba. Ni lita ɗaya kawai nake tafasawa in zuba a kan sukari da ɓawon lemon, in cika sauran da ruwan sanyi, in taɓa da bayan hannu kamar ruwan wankan jariri. In bai ƙona ni ba, sannan yis ya shiga.

Yanzu ga wanda ya sa ni kuka. Yis abu ne mai rai, sukari yake ci, kuma abin da ya ci yakan raba shi kusan biyu: rabi barasa, rabi iskar nan mai sa lemon kwalba tsartuwa. In kin toshe kwalba, iskar ba ta da hanyar fita, taruwa take yi. Shekarata ta biyu a ƙasar nan na tara kwalaben tangaran na ruwan 'ya'yan itace, masu sirarin jiki, na cika su har wuya, na murɗe murfi iya ƙarfina don kada kumfa ta gudu, na jera su a ƙasa kusa da abin ɗumama ɗaki wai don su yi saurin nuna. Daren kwana na uku muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Kafin in kunna fitila 'yata ta riga ni fitowa da gudu, ƙafa ba takalmi. Sai da aka yi mata ɗinki a tafin ƙafa, ta yi mako biyu tana ɗingishi, ni kuma na yi wata guda ina tsinto ɓaraguzan kwalba a ƙarƙashin firij. Har yau in na ga tabon sai gabana ya faɗi. Saboda haka in na ga hoton wata ta jera siman ta a kwalbar tangaran ta ɗaure da ƙyalle mai ado, wallahi raina ɓaci yake yi. Kwalliyar me? A gidan da ke da yara?

Tun daga ranar robar lemo mai lita ɗaya da rabi kawai nake amfani da ita, domin an yi ta ne don ta jure matsin iska, kuma tana faɗa miki halin da ake ciki. Ki bar sararin yatsa huɗu a sama. Safe da yamma ki matsa cikinta: in tana lotsawa, da saura; in ta yi tauri kamar dutse, ki sassauta murfi a hankali ta yi huci, ki kai ta firij nan take. Mutanen nan suna ƙara cokalin shayi na sukari a kowace kwalba kafin su rufe. Ni ba na ƙarawa. Sukarin da ke ciki ya ishi yis ya yi kumfa har ya yi ɓarna.

Kuskure na biyu, wato barin sima ya zama giya, ya fi na fasa kwalba nauyi a wurinmu, kuma shi ne aka fi raina shi. Ku yi lissafin da kanku. Kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Rabin kilo a lita 4 kuwa giram 125 ne a kowace lita. Wato in aka bar yis ya cinye sukarin duka, abin da ke hannunki zai kai wajen kashi 7, ya zarce yawancin giyar gwangwani da ke kanti. Ruwa da sukari da yis in an bar su suka kai ƙarshe, 'yan Finland suna da sunansa: kilju, da bakinsu kilyu. Giyar talaka ce da ake tsimawa a jarka, wadda dokar ƙasar ba ta halatta yin ta a gida ba sai a 2018. Tsakanin sima da kilju babu katanga, kwanaki ne kawai da ɗumi.

Na san wannan ne ta hanyar kunya. Wata shekara roba biyu suka rage bayan Vappu, na ajiye su a baranda ina ganin ai waje da sanyi. Barandarmu irin mai rufin gilashi ce, rana na dukan ta tun hantsi, cikinta ya fi falo ɗumi. Kwana goma sha ɗaya bayan haka muka yi baƙo, dattijo abokin maigidana wanda yara ke kira Baba. Na zuba masa a kofi ban ɗanɗana ba. Ya kai baki, ya dakata, ya ajiye, ya ce a hankali, "Maman yara, wannan fa ya juya, a zubar." Bai ƙara kalma ba, bai ɓata fuska ba, amma na so ƙasa ta tsage in shige. Da na ɗanɗana a kicin zaƙin ya gudu, sai wani kaifi mai hawa hanci. Da ba shi ya fara sha ba, yarana ne za su shanye.

Don Allah ku daina ce min "ai sima ne, yara ma suna sha". Yis bai san sunan da kika sa wa robar ba, aikinsa yake yi dare da rana. Firij ma rage masa gudu yake yi, ba ya kashe shi. Mu da muka taso muna ganin zoɓo mai sukari yana kumbura roba in ya kwana a zafin bazara, bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba. Akwai hadisin Ibn Abbas da ke cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya sa a shayar ko a zubar. A nan na ɗauko ƙa'idata. Ranar farko a bokiti da murfi a sake. Rana ta biyu in tace in ɗura a roba, da yamma ta shiga firij. Rana ta uku a shanye, ragowa in tuttular a magudana ba tare da waiwaye ba. Maƙwabciyata 'yar ƙasar takan ce na yi gaggawa, ita sai ta ga zabibin da ta jefa a kwalba sun taso sama duka, alamar siman ya nuna, abin da kan ɗauki kwana uku a ɗaki ko mako guda a sanyi. Nata ya fi nawa kumfa, na yarda. Ni in zabibi ɗaya ya fara motsi ya ishe ni. Kuma gaskiya ita ce ko na kwana uku ba ya rasa ɗan burbushin barasa, don haka wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta bar yis gaba ɗaya: ta dafa sukari da lemon da ruwa kaɗan, in ya huce ta tsinka da ruwan soda. Haka nake yi wa surukata, kuma tana shan kofi biyu.

Sauran ƙanana ne. Farin naman da ke ƙarƙashin ɓawon lemon shi ke kawo ɗaci, ki fere rawayan kawai, farin ki yar da shi tare da 'ya'yan. Ki wanke lemon da ruwan ɗumi sosai tunda ɓawon zai shiga ciki. Kada ki bar haɗin ya kwana a tukunyar alminiyam, tsami na cin ta. Robar da ba ta wanku ba tana sa yauƙi da wari. In za ki zuba, kada ki girgiza, ki bar guntun da ya kwanta a ƙasa, yis ne.

'Yan'uwa na gida da ke cewa in turo musu yadda ake yi, ku lura cewa duk kwanakin nan an auna su ne da ɗakin da ɗuminsa bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. A Kano ko Damagaram cikin Afrilu, zafi na haura 40, abin da ke ɗaukar kwana uku a nan zai iya faruwa kafin gari ya waye. Ki haɗa da safe, ki tace da la'asar, a sha da daddare. Ƙaramin lemon tsaminmu ɓawonsa ya fi ɗaci, ruwan guda biyar ko shida kawai za ki matsa. In kuma wutarku ba ta tsayawa har firij ya riƙe sanyi, ki yi na ruwan soda, ki jefa ƙanƙara.