Ceri ba zai yi a nan ba, ga yadda ake yi wa magarya aure

Wani ɗan yayata ne ya ga hoton ceri a Facebook, jajawur kamar a miƙa hannu a tsinka, ya tura kuɗi aka aiko masa da dashe biyu a leda, ya kawo su nan ƙauyenmu wajen Ringim yana ta ban ruwa safe da yamma. Da bazara ta shigo ko ganye ɗaya bai rage ba. Ban ma tabbatar ceri ne aka sayar masa ba, amma ko shi ne ɗin ƙarshensa kenan.

Ceri itacen ƙasar sanyi ne, a Turai har a daji yake fitowa da kansa tsuntsaye na yaɗa ƙwallon, kuma Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa a duniya. Sai ya kakkaɓe ganye ya yi barci cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba, yawancin irinsa na son awa 700 zuwa sama da 1000 a haka kafin ya yi fure. Toh mu hunturun namu da muke ta ƙorafi muna jin wuta da asuba, da kyar yake sauka ƙasa da digiri 10, shi ma na ɗan dare ne, hantsi na yi shikenan. Ko tuffa da sitiroberi ai sai wurare masu sanyi irin tsaunin Jos ake noma su.

Amma akwai dabarar da su masu cerin suke yi wadda za ta yi mana aiki, wato su ɗauko reshen mai daɗi su ɗora a kan gindin na daji mai juriya, shi ne ake ce wa aure. Mu namu na dajin ita ce magarya, wadda kullum muke sarewa lokacin sharar gona tana sake tohowa. Akwai manyan irinta da suka fito daga Indiya, irin su Gola da Umran da Seb, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi ta yaɗa su, a Nijar tuffar Sahel suke ce mata. Ɗanta ya kai girman ƙaramin lemon tsami, ga ruwa ga garas-garas, ba kamar tamu ba da daga ɓawo sai ƙwallo.

Ka nemi magarya mai ƙarfi a gonarka, cikin watan Afrilu ko Mayu ka sare ta ka bar kamar kamu biyu daga ƙasa. Kar ka ji tsoro ba za ta mutu ba, saiwarta ta yi nisa. Za ta fito da tofo da yawa, ka zaɓi biyu ko uku miƙaƙƙu ka cire sauran, ka bar su su kai kaurin fensir. Yawanci sai damina ta sauka, Yuni zuwa Yuli.

Sai neman reshen da za a ɗora, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Kar ka shuka ƙwallon babbar magarya kana zaton irinta zai ba ka, sau da yawa ƙanana yake haifa, reshe ake nema daga bishiyar da ka ga 'ya'yanta da idonka. A yanko shi da sassafe, kaurinsa daidai da tofon naka, mai ido biyu ko uku, a cire ganye da ƙaya a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kuma in son samu ne a yi auren ranar, in ya kwana biyu cikin zafi ya tashi aiki.

Reza sabuwa ko wuƙa mai kaifi sosai, a wanke ta. Ka datse kan tofon, ka tsaga tsakiyarsa kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya da rabi. Shi kuma reshen ka fere gindinsa gefe biyu ya yi kamar bakin gatari, yanka ɗaya sumul ba ka tsaya kana kankara ba, kuma kar ka taɓa wurin da yatsa. Ka cusa shi cikin tsagar, abinda duk aikin ya rataya a kai shi ne ɓawo ya haɗu da ɓawo, domin ta ƙarƙashin ɓawon nan suke haɗewa, in kaurinsu bai zo ɗaya ba to ka daidaita gefe ɗaya. Ka yanka farar leda siriri ka ɗaure tamau daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa ba zai shiga ba, sannan ka kifa ledar ƙanƙara a kai don kar ya bushe. Sati biyu zuwa uku za ka ga ido ya fashe, sai ka cire ta saman, ɗaurin kuma a bar shi sai wurin ya warke. Ni na farko guda biyar na yi biyu suka kama, saboda haka ka yi da yawa.

Duk tofon da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi, na dajin ne, in ka bar shi zai danne baƙon. Ka kafa sanda ka ɗaure sabon reshen saboda iskar hadari, ka kewaye da ƙaya ko waya, don akuya in ta samu hanya minti biyar ya ishe ta.

Wani lokaci shekarar farko ma tana yin 'ya'ya, suna nuna cikin hunturu. Babban abokin gaba ƙudan nan ne mai sa tsutsa a ciki, duk wanda ya faɗo ka tsince ka binne da zurfi kar ka bari a gindi. Kuma da yake a sabon reshe take fure, duk bazara bayan an gama tsinka sai an rage mata rassa, amma dai sama da wurin auren, kar garin aski ka sare baƙon gaba ɗaya.