Kurakuran da aka fi yi game da waƙar "Take Me Out" ta Franz Ferdinand, da yadda za a gyara su

Ranar 12 ga Janairun 2004 kamfanin Domino ya saki waƙar "Take Me Out" ta ƙungiyar makaɗa Franz Ferdinand, kuma bayan fiye da shekara 20 da wuya a yi zancen kiɗan jita na rawa a Birtaniya ba a sako ta ciki ba. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo suna saka ta, masu koyon jita suna gwada hannu a kanta, masu rubutu a intanet suna ba da labarinta. A duka wuraren nan akwai kurakuran da ake ta maimaitawa. Mafi nauyinsu sun taru ne a kan abin da ke faruwa gab da cikar minti na farko na waƙar, don haka can zan fi daɗewa.

Bari in fara da masu sauƙin gyara. Ana yawan kiran Franz Ferdinand ƙungiyar Ingila, wasu ma su ce ta Landan. A Glasgow aka kafa ta, a ƙasar Sikotilan. Gaskiya ne cikin mutum huɗun da suka yi waƙar, mai ganga Paul Thomson kaɗai aka haifa a Glasgow. Mawaƙinsu Alex Kapranos da Bob Hardy da Nick McCarthy duk haifaffun Ingila ne, shi McCarthy ma a Jamus ya tashi. Amma garin da ya haɗa su, ya ba su wurin gwaji da 'yan kallo, shi ne Glasgow, kuma salon jitarsu mai kaifi ya biyo sawun ƙungiyoyin Sikotilan na farkon shekarun 1980 irin su Orange Juice da Josef K. Idan za ka rubuta, ka ce ƙungiyar Glasgow, ko ƙungiyar Birtaniya. Da ka ce Ingila ka yanke wa kiɗan jijiyarsa.

Na biyu, ana ba da labarinsu kamar na dare ɗaya Allah kan yi Bature. Ranar da waƙar ta fito Kapranos yana da shekara 31. Ya daɗe yana shirya daren kiɗa a kulob ɗin 13th Note, ya yi ƙungiyar The Karelia, ya kuma yi wasa tare da Thomson a The Yummy Fur. McCarthy ya karanci kiɗa a Munich. Hardy ne kawai sabon shiga, mai zane ne da ya fito daga makarantar zane ta Glasgow, a hannun Kapranos ya koyi jitar bes. Kafin su sami kamfani, wani tsohon sito da aka yi watsi da shi suka mayar wurin casu, suka raɗa masa suna Chateau. A irin wannan wuri babu mai lallashin makaɗi: in kiɗanka ya motsa ƙafa za ka gani, in bai motsa ba ma za ka gani. Abin da suka riƙa faɗa a hirarrakinsu ke nan, cewa kiɗan da 'yan mata za su taka rawa da shi suke son yi. Waƙarsu ta farko, "Darts of Pleasure", a Satumbar 2003 ta fito, ta tsaya a lamba 44. Duk mai ba da labarin ya ambaci waɗannan shekaru, domin su ne suka bayyana yadda mutanen suka iya yanke shawarar da za mu gani yanzu.

Waƙar tana farawa da gudu, bugu kusan 143 a minti, jita tana ta kartar sauti ɗaya, murya tana zuba baitoci. Wajen daƙiƙa ta 55 sai komai ya fara nauyi. Makaɗan huɗu suna dukan wuri ɗaya tare, kowane duka yana ɗan jinkirtawa fiye da wanda ya gabace shi, har su sauka a bugu kusan 104. Daga nan ne sanannen zaren jitar ke shigowa, kuma waƙar ba ta sake komawa saurin farko ba har ta ƙare.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar wannan a matsayin waƙoƙi biyu da furodusa ya liƙa da kwamfuta. Waƙa ɗaya ce, kuma matsala ce ta haifi tsarin. Kapranos ya bayyana cewa da suna gwada ta, baitocin sun fi daɗi da sauri, amshin kuma ya fi daɗi a hankali. In suka yi ta duka da sauri amshi ya lalace, in suka yi ta duka a hankali baiti ya mutu. Sai suka kwashe baitocin gaba ɗaya suka jera a farko, suka rage gudu, suka bar wa amshi sauran filin. A situdiyon Gula da ke Malmö a Suwidin suka ɗauke ta, ƙarƙashin furodusa Tore Johansson, wanda aka sani da aikinsa da The Cardigans, kuma rage gudun da hannu suka yi shi, su huɗun suna kaɗawa tare. Johansson ya ƙara amsa-kuwwa a kan sautin don ya yi kama da aikin injina a masana'anta, amma numfashin da kake ji a wurin na mutane ne.

A ganina wannan ne zuciyar waƙar, kuma nan ne masu kwaikwayonta suka fi yin tuntuɓe. Wasu suna faɗowa daga 143 zuwa 104 a taki ɗaya, sai mai sauraro ya ji kamar an canza tasha. Wasu suna raguwa daidai, amma da zaren jitar ya shigo sai zumuɗi ya kwashe su, su ƙara gudu ba tare da sun sani ba, kafin amshi na biyu sun haura 115, nauyin da ke sa jama'a buga ƙafa a ƙasa ya tafi. Gyaran yana son haƙuri. Ku saita na'urar ƙidayar bugu a 143, ku maimaita sashen farko shi kaɗai har ya zauna. Ku mayar da ita 104, ku maimaita sashe na biyu fiye da haka, domin shi ya fi wuyar riƙewa. Sannan ku kashe na'urar, ku tsaya inda kowa ke ganin hannun mai ganga, ku yi ta gwada gangarar kaɗai. Shi ne jagora a wannan gaɓa, sauran su bi kafaɗarsa da ido. Mai aiki da manhajar haɗa kiɗa kuwa, kada ya yanka ya liƙa. Ya zana layin saurin yana sauka a hankali, ko ya fara ɗaukar gangar da hannu sannan ya sa manhajar ta bi ta.

Akwai kuma kuskuren cika sauti. Matashi ya ji ƙarfin waƙar sai ya ɗauka murɗa amsa-kuwwar jita zuwa ƙarshe ne sirrin. Saurara da kyau: jitocin kusan a bushe suke, gajeru, ana ɗauke yatsa da zarar an taɓa. Tsakanin sauti da sauti akwai sarari, kuma a cikin sararin ne faifan ƙarfen mai ganga ke buɗewa yana rufewa irin na kiɗan disko, bes kuma tana tafe da babbar ganga. In ka toshe sararin nan ka kashe rawar. Haka nan jita da murya ba sa hawa kan juna. Murya ta faɗi nata ta yi shiru, jita ta karɓa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Kapranos ya ce daga mawaƙin bulus na Amurka Howlin' Wolf ya ɗauko wannan dabara. Saboda haka in kana rera ta, ka bar jitar ta gama maganarta kafin ka shigo.

Sai batun ma'ana. Da yake sunan ƙungiyar na yariman Ostiriya ne da Gavrilo Princip ya harbe a Sarajevo ranar 28 ga Yunin 1914, kisan da ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma waƙar tana maganar saitin bindiga, mutane da yawa sun ɗauka labarin kisan take bayarwa. Ba shi ba ne. Kapranos ya ce tunanin ya zo masa bayan ya kalli fim ɗin Enemy at the Gates na 2001, inda maharba biyu suke dakon juna a yaƙin Stalingrad, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara motsi. Ya ɗauki wannan ya ɗora a kan mutum biyu da suka ƙyalla ido a kan juna a wurin taro, kowa ya kasa yin magana. Waƙar da ta taɓo kisan yariman tana nan, "All for You, Sophia", an sake ta tare da wannan a faifai guda, wataƙila daga nan ruɗanin ya ƙaru.

Ba ta kai lamba ɗaya a Birtaniya ba, kada ka rubuta haka. A lamba 3 ta tsaya, a makon da Michelle McManus ke kan gaba. A babban jadawalin Billboard na Amurka lamba 66 ta kai. Inda ta zo ta ɗaya shi ne zaɓen masu sauraron gidan rediyon Triple J na Ostireliya na waƙoƙin 2004. Haka kuma a bambance kyaututtuka: lambar Mercury ta 2004 kundin ƙungiyar ne ya ci, wanda ya fito a Fabrairun shekarar. Kyautar MTV kuwa bidiyon waƙar ne ya ci, aikin darakta Jonas Odell, mai cike da yanke-yanken hotuna da salon zanen Rasha na shekarun 1920.

Wajen maganar tasirinta, masoyanta kan wuce gona da iri su ce ita ta fara haɗa jita da rawa. Kafin ta, The Rapture sun fitar da "House of Jealous Lovers" a New York a 2002, kafin su ma akwai Gang of Four tun ƙarshen shekarun 1970, da Happy Mondays a Manchester. Abin da za ka iya faɗa da ƙarfin zuciya shi ne ta nuna cewa waƙa mai tsari na daban, daga kamfani mai cin gashin kansa, za ta iya shiga sahun gaba a kasuwa. Kamfanin Domino ɗin ne ya ɗauki ƙungiyar Arctic Monkeys a 2005, suka kai lamba ɗaya a Oktoban shekarar. Kele Okereke na ƙungiyar Bloc Party, wanda iyayensa Ibo ne daga Najeriya, a wurin wasan Franz Ferdinand a 2003 ya miƙa faifan gwajinsa ga Kapranos da ma'aikacin rediyon BBC Steve Lamacq. Waƙar ta kuma shiga wasan bidiyo na Guitar Hero a 2005, makaɗan Faransa Daft Punk ma sun sake haɗa sautinta. A sani dai cewa a Amurka babban kamfanin Epic ne ya rarraba kundin, don haka kada a ce Domino ita kaɗai ta kai shi ko'ina.

Idan za ka sa hoto ko ka jero sunaye, ka duba shekarar. McCarthy ya bar ƙungiyar a 2016, Thomson ya bi bayansa a 2021, Audrey Tait ta karɓi ganga. Waɗanda za ka gani a dandamali yau ba duka ne suka shiga situdiyon Malmö ba, kuma a wurin marubutan waƙar suna biyu ake sawa, Kapranos da McCarthy.