Yadda ake sake fulastar ɗaki da kafa katakon gindin bango

Da farko a kankare tsohuwar fulastar da ta bubbuga, a share ƙura, sannan a jiƙa bangon. A gauraya awo 1 na siminti da awo 5 na yashi tankaɗaɗɗe, kaurin shafen kada ya wuce milimita 15. A Zariya, iskar hunturu kan busar da fulasta da wuri har ta tsattsage, don haka a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma tsawon mako guda. Bangon ƙasa irin na cikin birni kuwa, yaɓen laka ya fi dacewa da shi, domin siminti yakan ɓamɓare. Sai bango ya bushe sarai kafinta zai kafa katakon da ke zagaye ƙofa, sannan na gindin bango, bayan an shafa musu maganin gara.