Idan Kifi Ya Ɓace Ko Ya Mutu a Tankin Ruwan Gishiri

1. Zuba abinci kaɗan, ka ƙirga kifayen da suka fito. Sabon kifi kan ɓuya a cikin duwatsu ko yashi na kwanaki, don haka kada ka yi gaggawar rushe duwatsun.

2. Duba ƙasa da bayan tanki, domin wasu kifaye na tsalle su faɗo waje. Kashe famfo ka leƙa matatar ruwa, sannan da dare ka haska ramukan duwatsu da tocila.

3. In ka ga mushen, sa safar hannu ka cire shi da raga nan take. Ƙulle shi a leda ka jefa a shara.

4. Auna amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, a ruwan tankin yau da kuma gobe. Dole ta tsaya a sifili. Ruɓewar mushe ce ke ɗaga ta, ita kuma tana ƙone gaɓoɓin numfashin sauran kifayen. In ta tashi, canza kashi 25 cikin ɗari na ruwan, da sabon haɗin ruwan gishiri mai nuna 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, da ɗumi daidai da na tankin. Mushen ƙaramin kifi a babban tanki kuwa, kaguwa da jatan lande kan cinye shi, shi ya sa wani lokaci ba a ganinsa.

5. Ka ga alamun cuta a jikin sauran kifayen, kamar fararen ɗigo ko saurin numfashi? Mayar da su tankin keɓewa, wato wani tanki daban na kifaye marasa lafiya, kada ka ƙaro sabo tukuna.