An canza tsarin faɗa a gem ɗinka? Kar ka goge shi tukuna

Ka shiga gem bayan ofdet, wato sabuntawar da kamfani ya yi masa, ka danna madannin da hannunka ya saba da shi shekara da shekaru, maimakon jaruminka ya kai sara sai ya tsaya yana kallon bos, wato babban dodon gem ɗin, har aka kwantar da kai. Dole ranka ya ɓaci, amma ranar farko ba ranar yanke hukunci ba ce, sau da yawa hannunka ne bai waye ba tukuna.

Fara da bayanin ofdet ɗin da kamfani ya fitar. Ba sai ka karanta duka ba, wani sa'in tsawonsa kaɗai ya isa ya sa ka barci, nemo inda aka yi maganar irin jaruminka kawai, ka ga wane skil, wato dabarar faɗan da kake dannawa, aka rage wa ƙarfi, wanne aka cire, wanne kuma aka ƙara masa lokacin jira kafin ka sake amfani da shi. Wannan lokacin jiran shi ya fi wahalar da mutane, sakan biyu kacal aka ƙara amma jerin da kake dannawa ya daina haɗuwa, kana danna na uku bai dawo ba, kai kuma kana ta zagin netwok.

Daga nan ka sake jera madannai. Wanda aka fi dannawa yanzu ya dawo kusa da yatsa, na kare kai da na magani su zauna inda za ka taɓa su ba tare da ka kalli kibod ba. Sai ka nufi gunkin atisaye in gem ɗin yana da shi, ko ƙananan dodanni da ba za su kashe ka ba, ka yi ta maimaitawa kana lura da lambobin dameji. Don Allah kar ka je gwaji a wurin babban bos da mutanen tim, ka ɓata musu dare su ma su ɓata maka rai.

Kaya kuma kar ka yi gaggawar sayarwa. Satin farko kowa a tsorace yake, farashi na ta hawa da sauka, kuma kamfanoni sun saba biyo babban canji da ƙananan gyare-gyare, takobin da ka zubar da arha yau sai ya dawo da daraja.

To in ka gwada sosai kuma har yanzu abin bai yi maka ba, yi ƙorafi, amma mai ma'ana. "Kun kashe gem" ba ya gyara komai. Faɗi skil ɗin, faɗi wurin, sa bidiyo in da hali. Ƙorafi yana aiki fa, a Nuwamba 2012 kamfanin Jagex suka kawo tsarin Evolution of Combat a gem ɗinsu RuneScape, suka maida faɗan dannawa ɗaya ya koma na jerin skil, jama'a suka yi ca, wasu suka tafi. A Fabrairu 2013 aka buɗe Old School RuneScape daga ajiyar gem ɗin ta 2007, a 2014 kuma aka ƙara wa shi RuneScape ɗin da aka canza zaɓin Revolution mai danna maka skil da kansa da Legacy mai kama da tsohon faɗa. Shi ya sa ka leƙa setin da kyau, ƙila akwai irin wannan zaɓin a naka ba ka sani ba.

Ba kullum ake sauraro ba dai. Masu gem ɗin Star Wars Galaxies sun yi manyan canje-canje biyu a 2005, na biyun ya rage sana'o'in jarumai zuwa 9, ba su janye ba, an rufe gem ɗin a Disamba 2011. Saboda haka in kana biyan kuɗin wata-wata, kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta har ka ga inda aka dosa, kuma in akwai sabar gwaji irin PTR ta World of Warcraft, shiga can ka taɓa canji na gaba kafin ya iso.