Kurakuran da aka fi yi wajen aiki da gajerun ƙa'idojin lissafi, da yadda ake gyara su

Injiniya da likita da ɗan kasuwa da malamin zakka duk suna da wani gajeren lissafi da suke dogaro da shi a aikinsu, wanda sau da yawa bai wuce haruffa uku ko huɗu ba. Newton ya bayyana alaƙar ƙarfi da nauyi da motsi a 1687, Georg Ohm ya fitar da tasa ƙa'idar ta wutar lantarki a 1827, kuma har yau da su ake aiki. Gajartar waɗannan ƙa'idoji ta samu ne saboda an ajiye wasu sharuɗɗa a gefe ba a rubuta su ba, ana sa ran mai amfani da su ya riga ya san su. Mafi yawan kurakurai daga nan suke fitowa, domin mutum yana iya yin tarawa da rabawa daidai, amma amsar ta fito ba ta da alaƙa da gaskiyar abin da yake aunawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa ma'auni. A watan Yulin 1983, wani jirgin saman Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton, yana buƙatar mai mai nauyin kilo 22,300. Waɗanda suka yi lissafin sun ninka yawan litocin da 1.77, wato nauyin lita ɗaya da ma'aunin fam, alhali kamata ya yi su ninka da wajen 0.8, nauyinta da ma'aunin kilo. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata, injinansa biyu suka mutu a sararin sama, matuƙan suka lallaɓa suka saukar da shi a wani tsohon filin jiragen soja da ke Gimli, ba a rasa rai ba. Irin wannan ruɗani tsakanin ma'aunin Amurka da na mita ne ya sa a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars. Maganin abin mai sauƙi ne, sai dai mutane suna raina shi: a rubuta ma'auni kusa da kowace lamba tun daga layin farko har zuwa na ƙarshe. Ma'aikacin lafiya mai auna ƙiba yana raba nauyi da tsawo wanda aka ninka da kansa, kuma tsawon dole ya kasance da mita. Mutum mai kilo 70 da tsawon mita 1.75 zai samu kimanin 22.9, wanda ke cikin lafiyayyen mataki, amma idan aka saka santimita 175 sai a samu 0.002, adadin da ba na ɗan Adam ba ne.

Wanda ya fi wannan wuyar ganewa shi ne ɗaukar amsar takarda a matsayin abin da zai faru a zahiri, kuma masu haɗa sola da inbata a gidaje suna cin karo da shi kullum. Ana ninka bolt ɗin batir da ƙarfin ajiyarsa domin a san wutar da ke cikinsa, don haka batir mai bolt 12 da ajiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya. Idan fankoki da fitilu da talabijin na gidan suna jan wat 300, sai a raba, a samu awa 8, mai gida ya biya kuɗi da murna. Da dare ya raba sai inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya, a kira mai haɗawa ana cewa ya kawo jabun kaya. Lissafin bai yi ƙarya ba, an dai manta da abubuwa biyu. Batir mai ruwan asid ba a so a zuƙe fiye da rabin wutarsa idan ana son ya daɗe, saboda haka abin da ake da shi a hannu 1,200 ne. Ita ma inbata tana cin nata kason wajen juya wutar, yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Abin da ya rage zai kai wajen awa uku da rabi ne kawai. Idan kuma akwai firji, lokacin da injinsa yake tashi yana jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsa, shi ya sa ƙaramar inbata take ɗaukewa ko da lissafi ya nuna za ta iya. Gyaran shi ne, bayan an samu amsar farko, a zauna a jera duk inda ake asara, a cire su ɗaya bayan ɗaya kafin a faɗa wa mai gida adadin awanni.

Akwai kuma ɗabi'ar zaton cewa komai yana ƙaruwa ne daidai wa daida, idan aka ninka wannan sau biyu wancan ma zai ninku sau biyu. Direbobi da yawa a haka suke kallon gudu. Ƙarfin da mota take tafe da shi ya dogara ne da gudunta wanda aka ninka da kansa, don haka motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana buƙatar tazarar birki ninki huɗu na wadda ke gudun 50, a kan titi ɗaya da tayoyi iri ɗaya. Matsakaicin gudu ma yana ruɗa ɗalibai. Wanda ya yi tafiyar kilomita 120 da gudun 60, ya dawo da gudun 40, ya ɓata awa biyu a zuwa da awa uku a dawowa, wato kilomita 240 cikin awa biyar, matsakaicinsa 48 ke nan, ko da yake kusan kowa 50 zai fara faɗa. Duk lokacin da aka ga ƙaramar lamba 2 a saman harafi, ko aka ga harafi a ƙasan layin rabawa, to a dakata a gwada lambobi biyu ko uku a ga yadda amsar take sauyawa.

Kashi cikin ɗari yana da nasa tarkon, kuma a ganina nan ne 'yan jarida suka fi yin tuntuɓe. Idan aka ce hauhawar farashi ta sauko daga kashi 30 zuwa kashi 20, ba a ce kaya sun yi sauƙi ba. Mudun da ake sayarwa naira 1,000 ya koma 1,300 a shekarar farko, a ta biyu kuma ya koma 1,560, tsadar tana nan tana ƙaruwa, saurinta ne kawai ya ragu. Haka nan kayan da suka tashi da kashi 50 sannan suka faɗi da kashi 50 ba su koma inda suke ba, domin 1,000 ta zama 1,500, rabinta kuwa 750. Tambayar da ke warware wannan ita ce: kashi nawa na wane adadi?

Sai batun kai ƙa'ida inda ba hurumin ta ba. Kowa ya san zakkar kuɗi kashi 2.5 cikin ɗari ce, wato ɗaya bisa arba'in, amma wannan adadi yana tafe da sharaɗin cikar nisabi da zagayowar shekara, kuma bai shafi amfanin gona ba, inda ake fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan ban-ruwa aka yi da wahala. Ma'aunin ƙiba da aka ambata ba a fassara shi ga yara da mata masu juna biyu yadda ake yi ga sauran manya, kuma yana iya nuna ɗan dambe mai ƙirar ƙarfi a matsayin mai teɓa, domin ba ya bambance tsoka da kitse. Ƙa'idar Ohm ma, wadda ke cewa wutar da ke bi ta waya tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar bolt, tana aiki ne muddin turjiyar wayar, wato yadda take tauye wucewar wuta, ba ta sauya ba, alhali zaren tsohon ƙwan fitila turjiyarsa tana ƙaruwa sosai idan ya yi zafi.

Masu nazarin annoba suna da wani lissafi da ke nuna kason jama'ar da ya kamata su samu kariya kafin cuta ta daina yaɗuwa: a raba 1 da yawan mutanen da mai cuta ɗaya yake shafa wa, a cire sakamakon daga 1. Mai ƙyanda ɗaya yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba su da kariya, abin da ke ba da kashi 92 zuwa 94, shi ya sa ake neman allurar rigakafi ta kai kashi 95. Sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne cewa waɗanda ba a yi wa allurar ba suna warwatse ne cikin jama'a. Jiha tana iya kai wannan adadi a takarda, amma idan yaran da aka tsallake duk suna unguwa ɗaya ko ruga ɗaya, cutar za ta ɓarke a can. Saboda haka jami'in da ke riƙe da alƙaluman jiha ya kamata ya sake yin lissafin mazaɓa-mazaɓa, ya ware wuraren da suka gaza, ya tura masu allura can tun kafin lokacin zafi ya shigo.